Giyar Motarka Tana Ƙarar Niƙa? Kafin A Sauke Ta, Tambaye Ta Yaushe Take Kukan

Kamar kullum, ga rubutaccen shirinmu na wannan makon saboda waɗanda data ta yi wa ƙaranci, ko sabis ya ƙi ba su haɗin kai.

Yau maganar mota za mu yi, kuma motar hannu, mai kuloci. Kun san wannan ƙarar, "ƙurrrr", da ke tashi idan direba ya zo sa giya ta ƙi shiga? Wadda ke sa fasinjan baya ya runtse ido kamar haƙorinsa ake ja? To ita ce maganarmu. Ni kaina ta taɓa cin kuɗina, ta kusa cin na kaka guda, shi ya sa nake son duk wani matashi da ke riƙe da sitiyari, ko nasa ko na wani, ya tsaya ya ji wannan har ƙarshe.

Bari in fara da abin da ya same ni.

Ni ɗan Tsiga ne, a ƙaramar hukumar Bakori. Wanda ya san yankinmu ya san idan kaka ta yi, babu motar da ke hutawa. Masara, dawa, waken suya, auduga, duk sai an fitar da su daga ƙauye zuwa Bakori, Funtua, wani lokacin har Malumfashi ko Dandume. A lokacin ina jan Golf 3 wagon ta yayana. Shi ya saya, ni nake fita da ita, da yamma mu yi lissafi. Da ita ake cefanen gida biyu, kuma da ita muke sa ran biyan bashin takin da muka ci da damina.

Abin ya fara ne da ribas. Na zo juyawa a tasha, na taka kuloci, na ja giya baya, sai "ƙurrrr". 'Yan kamasho suka kwashe da dariya, wani ya ce a kawo masara ga injin niƙa ya iso. Ni ma na yi dariya. Bayan sati biyu lamba ɗaya ta fara tauri idan ina tsaye, sai na danna da ƙarfi. Bayan wata guda lamba biyu ma ta shiga sahu. Ni kuwa ina ta cewa bari dai a gama jigilar nan.

Da abin ya ishe ni na shiga wani gareji a Funtua. Makaniken bai ko zauna cikin motar ba. Ya ji na sa ribas, ya girgiza kai ya ce, "Oga, giyarka ta tafi. Sai dai a sauke a sa 'yar Beljiyam." Kuɗin da ya faɗa ya fi abin da motar ke kawowa a wata guda, ga kuma kwanakin da za ta yi a kan dutse ana tsakiyar kaka. Na dawo gida jikina a sanyaye.

Da daddare na je gaishe da wani kawuna, tsohon direban babbar mota ne, ya yi shekaru yana ɗaukar auduga zuwa Funtua. Na ba shi labari. Bai tambaye ni kuɗin ba, abin da ya ce shi ne, "Kai yaro, yaushe take kukan?" Na ce, "Kawu, ai kullum." Ya ce, "Babu motar da ke kuka kullum. A tsaye ko a tafe? A wace lamba? Da safe ko in ta yi zafi? Gobe bayan asuba ka kawo ta."

Wannan tambayar tasa ita ce gaba ɗayan shirin yau. Ƙarar iri ɗaya ce a kunne, amma abubuwa huɗu ne ke iya jawo ta: kuloci, sandunan da ke haɗa hannun giya da akwatin giya, man giya, sai kuma kayan cikin giyar kanta. Uku na farko galibi ba sa buƙatar a buɗe giya. Na huɗun ne kawai ke buƙata. Lokacin da ƙarar ke tashi shi ke nuna maka wanne ne.

Kafin mu je gwaje-gwajen, bari mu leƙa ciki kaɗan, don in ka gane yadda abin ke aiki, ba sai ka haddace komai ba.

Inji yana juyawa tun daga lokacin da ka tayar da shi. Ko a silo, yana yin juyi wajen 800 zuwa 900 a minti ɗaya. Tsakaninsa da giya akwai wani faifai, shi ne kuloci filet. Ka ɗauka faifai ne ka matse a tsakanin tafukanka biyu: in ka juya hannu, dole ya juya. In ka buɗe tafukan, ya kuɓuta. Taka kuloci shi ne buɗe tafukan nan. In sun buɗe sosai, shaf ɗin da ke shiga cikin giya zai rage gudu har ya tsaya. In ba su buɗe sosai ba, inji zai ci gaba da jan sa alhali ƙafarka tana ƙasa.

A cikin giyar kuma, abin da mutane da yawa ba su sani ba, manyan haƙoran lamba ɗaya zuwa biyar kullum a sarƙe suke da juna, ba sa rabuwa. Idan ka sa giya, wani zoben ƙarfe ne ke zamewa ya kama wasu ƙananan haƙora da ke gefen lambar da ka zaɓa, ya kulle ta da shaf. Matsalar ita ce, zoben yana gudunsa, lambar tana gudunta daban. Kun ga yadda yaron mota ke yi in zai ɗare motar da ta riga ta tashi? Sai ya bi ta da gudu har gudunsa ya zo daidai da nata, sannan ya kama ƙarfe ya haye. In ya kama daga tsaye, ƙasa zai sha. To a cikin giya akwai wani ƙaramin zoben tagulla da ke yin wannan aikin, makanikai na ce masa sinkoro. Shi ke fara taɓa lambar, ya goge ta kamar birki har gudunsu ya daidaita, sannan ya ba da hanya haƙora su shiga shiru.

Wani injiniya ɗan Amurka mai suna Earl Thompson ne ya ƙirƙiro wannan dabarar, kuma kamfanin Cadillac ya fara sa ta a motocinsa a 1928. Kafin nan direba ne da kansa yake daidaita gudun da ƙafarsa da kunnensa. Shi ya sa tsofaffin direbobin manyan motoci irin kawuna suka iya abin da ake kira dabul kuloci. Za mu zo kansa.

Saboda haka duk lokacin da ka ji "ƙurrrr", ma'anarta ɗaya ce: haƙora biyu ne ke son haɗuwa alhali gudunsu bai zo daidai ba. Ko dai kuloci bai saki ba, ko zoben tagullar ya gaji, ko ba a tura shi yadda ya kamata ba.

Wani abu kuma da za ku riƙe: a Golf 2 da yawancin Golf 3 da muke ja a nan, da tsofaffin motoci da dama, ribas ba ta da wannan zoben kwata-kwata. Haƙori ne ke shiga haƙori kai tsaye. Shi ya sa ribas ba ta iya rufa wa kuloci asiri. Sauran lambobin za su yi ta haƙuri suna ɓoye laifinsa, ita kuwa ranar da ya fara ja, ranar za ta tona.

To ga abin da Kawu ya sa na yi da safen nan, a bi da bi.

Gwaji na farko, mota a kashe. Ya ce kar in tayar. In taka kuloci in zagaya duk lambobin, ɗaya zuwa biyar da ribas. Duk suka shiga lafiya lau. Ya ce in lura da wannan. Idan mota tana kashe amma hannun giya yana tauri, ko yana lilo kamar muciya a tukunyar da babu tuwo, ko kana neman lamba ɗaya kana faɗawa uku, to a fara duba waje: sandunan da ke ƙarƙashi da robobin bushin ɗinsu, ko wayoyin giya a motocin da ke da su irin Sharon, da kuma injin sit da giya sit. Hanyoyinmu na ƙauye suna cin waɗannan robobin sosai. In sit ya tsinke, inji da giya sukan karkace, sandar ta daina tura zoben har ƙarshe, sai lamba ta shiga rabi tana ƙara. Wannan gyaran waje ne, ba a sauke komai.

Gwaji na biyu, ribas da ƙirga. Na tayar da mota, tana silo, giya a furi. Ya ce in taka kuloci har ƙasa, in ƙirga biyar a hankali, sannan in sa ribas. "Ƙurrrr." Ya ce to. Dalilin ƙirgar shi ne a ba shaf lokaci ya tsaya. Idan ka taka ka ja nan take ta yi ƙara, amma in ka jira ta shiga shiru, motarka lafiya take, kai ne mai gaggawa. Idan ka jira daƙiƙa biyar har yanzu tana ƙara, akwai abin da ke juya shaf ɗin.

Sai ya ƙara tabbatarwa. Ya ce ƙafata na ƙasa in sa lamba ɗaya, don zobenta ya tsayar da shaf, daga nan in wuce ribas kai tsaye. Ta shiga shiru. Ya ce in dawo furi, kar in ɗaga ƙafa, in sake ƙirga biyar, in koma ribas. Ta sake yin ƙara. Ya ce, "Ka gani? Ka tsayar da shi da hannunka, ƙafarka ba ta motsa ba, amma ya sake tashi. Wa ya tayar da shi? Kulocinka bai saki ba."

Gwaji na uku, inda kuloci ke kamawa. A fili mai faɗi, babu kowa gaba, na sa lamba ɗaya na fara ɗaga ƙafa a hankali. Ko faɗin yatsa ban ɗaga ba motar ta fara tafiya. Lafiyayyen kuloci yakan kama ne wajen tsakiyar tafiyar feda. In yana kamawa tun daga ƙasa, ko motar tana ɗan rarrafe alhali ka taka har ƙarshe, sakin bai cika ba. Don Allah wannan gwajin a yi shi nesa da yara da dabbobi, ƙafar dama tana kusa da birki.

In aka kama kuloci da laifi, kar a yi tsalle a ce filet. A fara daga mai araha. Ku duba ƙarƙashin fedar tukuna. Kafet mai kauri, buhun da aka shimfiɗa, busasshen taɓo, har takalmin yaro, duk suna iya hana feda kaiwa ƙasa. Ku duba zaman direba ma. Mu nan mun san yadda ake loda Golf: mutum biyu a gaba, wani lokacin har a raba kujera da direba. Wanda ya zauna a karkace ba ya iya taka kuloci har ƙarshe, kuma duk sauyin giya da ya yi a haka, zoben tagulla ne ke biyan bashin.

Daga nan sai a ga kulocin na waya ne ko na mai. Golf 3 mai injin 1.8 na waya ne. Wayar takan miƙe, ko ta fara tsinkewa silli-silli a ciki, ko abin da ke saita ta da kansa ya maƙale. Idan irin mai noti ce aka sa, a saita ta yadda feda za ta yi ɗan wasa kamar faɗin yatsa ɗaya zuwa biyu kafin ta fara nauyi. Sharon da Hiace kuwa na mai ne, suna da ofa da dawun. Gwajinsu mai sauƙi ne: ka taka feda da sauri sau biyar ko shida, sannan ka sa giya. In ta shiga lafiya bayan bugun, iska ce a layin ko robar ciki ta mutu. Ka duba gwangwanin man, ka shafa saman feda daga ciki ka ji ko da danshi, ka leƙa na ƙasan ko yana yoyo. A Sharon gwangwani ɗaya kuloci ke sha da birki, don haka in ka ga man ya yi ƙasa, a duba birkin ma, wannan maganar rai ce.

A tawa motar, wayar ta fara tsinkewa. Amma Kawu bai tsaya nan ba. Ya ce wannan giyar ta Golf tana da wani hali: boris ɗin da ke sakin kuloci a can ƙarshen giya yake, ta wajen tayar direba, a bayan wani murfi. Akwai ɗan ƙarfe kamar yatsa da ke danna shi, shi kuma ya tura wata doguwar sanda da ta ratsa ta tsakiyar shaf har zuwa kuloci. Wannan ɗan yatsan yakan tsage. Muka je wurin wani makanike da ya yarda ya saurara, aka cire taya, aka buɗe murfin, sai ga tsaga a jikinsa. Aka canza shi, aka canza waya. Ribas ta shiga shiru, lamba ɗaya ta koma laushi. Ba a sauke giya ba, kuma kafin azahar na koma lodi.

Idan an duba duk waɗannan lafiya suke amma har yanzu kuloci yana ja, sannan ne za a yi maganar ciki: filet ya lanƙwashe, ko mai ya jiƙa shi yana ɗanko, ko tsatsa ta kama inda yake zamewa a kan shaf, wanda yakan faru da motar da aka ajiye duk damina. A motoci masu jan baya irin Fijo 504 da Hiace akwai kuma ɗan ƙaramin boris ko bushin a tsakiyar fulawil, in ya ƙame shi ma yana juya shaf ko an taka kuloci. Waɗannan sai an sauke giya, amma ba a buɗe cikinta, kuma ba a sayen wata.

Yanzu ga inda labarina bai yi daɗi ba. Mun fita gwaji a kan titi, daga ɗaya zuwa biyu, sai "ƙur", gajeriya. Uku, huɗu, biyar lafiya. Na kalli Kawu. Ya ce, "Wannan kuma aikinka ne, ɗana. Wata biyu kana danna ta da ƙarfi, zoben lamba biyu yana faɗa da inji shi kaɗai. Ya cinye."

Nan ya nuna min gwaji na huɗu, dabul kuloci. Kana lamba ɗaya kana son biyu: ka taka kuloci, ka dawo furi, ka saki kuloci gaba ɗaya, ka sake takawa, ka sa biyu. In saukowa za ka yi, daga uku zuwa biyu, to lokacin da kake furi ka saki kuloci, sai ka ɗan taɓa totur inji ya ɗaga murya, sannan ka taka ka sa. Abin da ka yi shi ne ka daidaita gudun da ƙafarka, ka karɓi aikin zoben. Idan da dabul kuloci ƙarar ta ɓace, kuma a lamba ɗaya tak take yi, kuma sai mota na tafiya, to zoben wannan lambar ne ya gaji. Yawanci lamba biyu ce ke fara mutuwa, sai uku, saboda su aka fi wahalarwa a cikin gari da hanya mai ramuka.

Ku riƙe bambancin a taƙaice. Ƙara a ribas da lamba ɗaya kana tsaye, sauran lambobin ma suna tauri: kuloci. Ƙara a lamba guda kana tafe, ribas shiru: zobe. Tauri ko lilo ko da mota a kashe: sanduna da robobi.

Saura man giya, wanda shi ne maraya a motocinmu. Kowa yana tuna baƙin man inji, amma akwai motar da tun da ta baro Kwatano ba a taɓa buɗe notin giyarta ba. Giyar Golf ɗin nan kusan lita biyu take sha. A tsayar da mota a wuri mai daidai, a buɗe notin zubawa na gefe, man ya kamata ya zo bakin ramin. Kullum a fara kwance na zubawa kafin na tsiyayewa, kar ka zubar da mai sannan ka tarar na sama ya ƙi kwantuwa. A wannan giyar in mai ya yi ƙasa, lamba biyar ce ke fara ƙonewa, sai ka ji tana kuka a kan babban titi ko tana fita da kanta.

In an tsiyaye, a tara a kwano mai tsabta a kai rana a duba. Ƙyalli mai ruwan zinariya garin tagulla ne, zobba na ci. Ɗan laushin baƙin gari ba abin tsoro ba ne a tsohuwar mota. Gutsattsarin ƙarfe da za ka ji a yatsa kuwa haƙori ne ko boris, wannan dole a buɗe. In man ya koma kamar kunu, fari-fari, ruwa ya shiga, kuma duk wanda ke ratsa rafi da damina ya san ta inda aka hau.

Irin man ma magana ce. A jikin galan za ka ga an rubuta GL-4 ko GL-5. Giyar Golf GL-4 take so, irin 75W-90. Shi GL-5 an yi shi ne musamman don difaransha na baya, sinadarinsa ya fi ƙarfi, kuma a giyar da ba shi aka rubuta mata ba yana iya hana zoben tagulla kamawa da kyau, ya kuma rage masa kwana. Haka nan mai kaurin 140 da wasu ke zubawa wai don giya ta yi shiru, da sanyin hunturu sai ka ga lamba biyu ta ƙi shiga sai an yi tafiya ta ɗumama. Saboda haka in ƙarar ta safe ce kawai, tana ɓacewa in mota ta yi zafi, fara da mai. Kowace mota da abin da kamfaninta ya rubuta, a bi wannan, a guji man da ake aunawa a kwalba ba a san asalinsa ba.

Akwai wasu ƙararrakin da ake ɗora wa giya alhali ba wannan matsalar ba ce. Ƙarar da ke tashi da zarar ka ɗora ƙafa a kuloci, ta ɓace in ka ɗaga, boris ɗin sakin kuloci ne. Wadda ke yi a furi, ta yi shiru in ka taka, boris ɗin shaf ne a cikin giya. "Ƙas-ƙas-ƙas" idan ka karya kwana, kan dirabin shaf ne. In kuma ka ba ta wuta inji ya yi ihu amma mota ba ta ƙara gudu ba, musamman da lodi a hawa, kuloci ne ke zamewa, filet ya cinye. Wancan ya ƙi saki, wannan ya ƙi kamawa, kar a haɗa su.

Yaushe za a ajiye mota? In giya ta maƙale a lamba ɗaya ta ƙi fita, in tana kuka mai ƙarfi a duk lambobi, in mai na zuba a ƙasa, ko an ga gutsuren ƙarfe, a tsaya. Gutsure ɗaya in ya shiga tsakanin haƙora yana iya fasa akwatin gaba ɗaya. In kuwa zobe guda ne ya gaji, za ka iya lallaɓawa na ɗan lokaci da dabul kuloci da sauya giya a hankali. Haka na yi. Muka zuba sabon mai, na ƙarasa kaka da dabul kuloci a lamba biyu, muka biya bashin taki, sannan aka sauke giya. Amma fa lallaɓawa ce, duk "ƙur" ɗaya tana rage bakin ƙananan haƙoran nan, in suka gama daƙushewa sai lambar ta fara tsalle tana fita, gyaran ya ninka.

Idan ranar saukewa ta zo, ga shawarata. Tunda kuɗin aiki ɗaya ne, a duba filet da faranti mai matse shi da boris da sil a lokaci guda. Ka tsaya a buɗe a gabanka, a nuna maka zoben da ya cinye, a ba ka tsofaffin kayanka. In ta kama sai an sayi wata giyar a Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, a duba haruffan da aka buga a jikin akwatin su dace da motarka, a juya shaf da hannu a kowace lamba, a ga kalar man da ke ciki, kuma a yi magana a fili kan kwana nawa za a iya mayarwa in ba ta yi ba. 'Yar Beljiyam ma tsohuwa ce, wani ne ya gaji da ita a can.

Ba ina cewa makanikai maha'inta ba ne, a'a. Da yawansu mu ne muke zuwa musu da "tana ƙara" kawai, ba bayani. Gwada ka je ka ce, "Malam, a kashe tana shiga lafiya, in na tayar ribas tana ƙara ko na ƙirga biyar, kuloci kuma a ƙasa yake kamawa." Za ka ga yadda maganar ta canza, domin ka rage masa rabin aiki, kuma ya san ka san abin da ka kawo.

Sai halayen da ke kashe giya, waɗanda kusan dukkanmu muna yi. Ɗora hannu a kan giya kana tafiya. Jingina ƙafa a kan kuloci. Sa ribas mota ba ta gama tsayawa ba. Fizgo ta daga huɗu zuwa biyu a guje don birki ya yi sanyi. Loda buhun da ya fi ƙarfinta sannan ka riƙe ta da rabin kuloci a hawa. Da kuma babbansu, wanda ni na yi: jin ƙara ka ce bari a gama kaka. Da na tsaya a satin farko, waya da ɗan ƙarfe kawai zan saya.

Ranar da aka buɗe giyar, na kai wa Kawu tsohon zoben. Ya juya shi a hannu, cikinsa ya yi sumul kamar an goge. Ya ce in rataye shi a jikin makullin motar. Har yau yana nan.

Nan za mu dakata a wannan makon. Wanda motarsa ke wannan ƙarar, ya gwada gwaje-gwajen nan gobe da safe kafin ya fita, minti goma sun isa. Ku tura wa ɗan'uwa direba ko mai koyon tuƙi. Allah Ya tsare mu a kan hanya, Ya sa albarka a abin da muka noma. Sai mun haɗu a shiri na gaba, wassalamu alaikum.